Shekarar da Na Kasa Hura Ragon Baba

A gidanmu kowa da aikinsa ranar Layya. Baba ke yanka, Inna da ƙannena mata su ɗebo ruwa su tara itace, kakata ta kafa kujerarta a gindin bedi da babbar ƙwarya tana jiran kayan ciki, ni kuma in hura rago.

Wanda bai taso wajenmu ba zai ce, me kuma ake hurawa a jikin ragon da an riga an yanka? To, in jini ya gama zuba, sai a tsaga fata kaɗan a ƙafar baya, a zura siririyar sanda tsakanin fata da nama a buɗe wa iska hanya. Daga nan mutum ya durƙusa, ya kafa baki a wurin ya yi ta hurawa, na kusa yana bubbuga jikin ragon da tafin hannu don iskar ta zagaya. Kafin a jima rago ya kumbura, ƙafafu sun miƙe, fata ta saki nama. Fiɗa sai ta zo da sauƙi, wuƙa ba ta huda fata, a samu buzun salla lafiyayye. Aiki ne na ƙirji, kuma a ƙofar gida ake yin sa, inda duk unguwa ke kallo.

Tun ina shekara goma sha huɗu nake wannan aikin, kuma ba yabon kai ba, a ƙauyenmu na kusa da Madawa ba a yi wanda ya kai ni ba. In na gama da namu, maƙwabta aikowa suke a ara musu ni. Amma ba wannan ne ya sa nake ji da aikin ba. Ni ɗan fari ne, Baba kuma mutumin da ne. Bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutane ba. Ko aike na zai yi, sai ya dubi bango ya ce, “A gaya ma wancan shi kai jaki garka.” Ina tsaye a gabansa fa, ba kowa a zauren sai ni da shi. Ranar Layya kaɗai, in ya tsaga fatar, yake ɗaga ƙafar ragon da hannunsa ya miƙo mini, ya dube ni ido cikin ido ya ce, “Bismilla.” Kalma ɗaya ce, amma shekara guda nake yi ina jiran ta.

Taba ta same ni ina ɗan shekara goma sha bakwai. Na bar lakwal, wato makarantar boko, a lokacin, ina taya Baba aikin albasa a garka, in kaka ta yi kuma in je tasha a Madawa mu yi lodin buhuna a manyan motoci. Aljihuna ya fara jin ɗumi. Muna da fada, mu bakwai, tabarma ɗaya da butar shayi ɗaya a ƙarƙashin wata tsamiya, nan muke zama bayan la'asar mu gyara duniya da baki. Sai ga wani abokinmu ya dawo daga Abijan bayan shekara biyu, da baƙin tabarau, da wando mai aljihu shida, da kwalin sigari a aljihun gaba inda kowa zai gani. Yadda yake kunna ta kawai abin kallo ne. Ya karkace kai, ya kare wutar da tafin hannu ko da babu iska, ya saki hayaƙi ta hanci yana ba mu labarin teku.

Karan farko da na ja, na yi tari har hawaye suka zubo, ƴan fada suka yi ta faɗuwa don dariya. Dariyar nan ce ta sa na ja na biyu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kafin damina ta faɗi mu bakwai duk mun zama ƴan hayaƙi.

Ba wai ba mu san tana da illa ba. Mun sani. Rediyon gari na faɗa, liman na faɗa, hoton da ke jikin kwalin ma ya isa ya hana mutum cin tuwo. Amma abokin nan namu ya zo mana da magani tun daga bakin teku. Ya ce a can duk masu aikin tashar jirgin ruwa sun san sirrin: in ka sha taba, ka bi ta da nono, shi ke nan ya wanke ƙirji tas.

“Ku diba,” in ji shi, “hayaƙi baƙi na, nono hwari na. Ina baƙi ka tsayawa inda hwari yab bi?”

Muka duba, muka ga magana ta zauna. Babu wanda ya tambayi ta ina nonon ke bi. Mutum in yana son abu, ko hujjar da ba ta da ƙafa aka kawo masa, shi zai goya ta.

Wadda ta ci ribar wannan ilimi ita ce wata dattijuwar Bafulatana da ke zuwa daga rugar bayan gari. Da can sai ta zagaye unguwa uku kafin ƙwaryarta ta yi rabi. Yanzu tana isowa gindin tsamiya samari bakwai za su taso mata da kofuna. Ta kan sauke ƙwaryar tana ƙunƙuni da Fulatanci, sannan ta juya Hausa ta ce, “Ku samarin garin ga mi yas same ku? Ko maruƙana ba su sha hakanga.” Daga nan ta laƙaba mana suna maruƙa. In ta hango mu daga nesa sai ta yi irin kiran da take wa shanunta, mu kuwa ba kunya mu amsa.

Abin da nake samu a lodi sai ya rabu gida biyu, rabi wajen mai tebur, rabi wajen mai nono. Ina biyan kuɗin cuta, ina biyan kuɗin maganin da ba magani ba. Keken da na yi shekara ina cika baki zan sayo a kasuwar Buza, a bakin ya tsaya. Takalmina ya tsinke na ɗaure shi da waya, na ce yayi ne. Inna ta taɓa tambayata ina ladan wahalata ke zuwa, na ce ina tarawa. Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, ina tarawa, a ƙirji.

A gida kuwa ɓoyo nake. Bayan rudun da muke ajiye albasa akwai wani lungu da ba mai zuwa, nan nake laɓewa in ja abina. In na gama in tsinki lawashi in tauna don ya kashe warin. Ina ganin dabarata ta fi ta kowa. Kakata ce kawai ke yi mini wani irin kallo. Tsakanina da ita wasa ne, maigida take kirana, ni kuma in ce mata tsohuwa. In na wuce sai ta toshe hanci ta ce, “Maigida, ko miyata ba ta kai ka warin albasa ba. In ka ƙara kaɗan sai mu jehwa ka tukunya.”

Wata rana manjo na asibitin garinmu, wato babban ma'aikacin jinya, ya tsaya da babur ɗinsa a fadarmu. Yana zagaya fadojin samari ne yana magana a kan taba, ba wanda ya sa shi, shi dai ya gaji da jin tarin yara. Mutum ne mai sanyin hali. Muka ba shi wuri mai kyau a tabarma, muka ba shi shayin farko. Ya fito da wani hoto na huhu biyu, ɗaya ja mai kyau, ɗaya baƙi ƙirin, ya yi mana bayani dalla-dalla. Muka yi ta gyaɗa kai, muka raka shi har wajen babur da godiya. Ƙurar babur ba ta kwanta ba ɗan Abijan ya kunna kara ya ce, “Wancan baƙin, huhun wanda bai sha nono na.” Muka yi dariya, hankalinmu ya koma inda yake.

Jiki kuwa ya fara magana, ni ne na ƙi saurare. Buhun da nake ɗauka a guje in haye katako da shi, sai na ga ina tsayawa a tsakiya. In muna buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ban daɗe da shiga ba sai in nemi tsaron gida. Da asuba in tashi da tari mai kauri. Lokacin sanyi ne, sai na ɗora wa sanyi laifi, ga shi ba ya da bakin musu.

Layya ta matso. Ragon da Baba ya kiwata a shekarar, tun yana ɗan ƙarami ya sayo shi a kasuwar Bangi, ya yi ta ɗura masa harawa da dusa har ya zama abin nuni. Ranar da na tsaya na dubi faɗin bayansa sai na san akwai babban aiki a gabana. Saura kwana uku, na ce bari in yi wa ƙirji babban wanki. Na ninka nono sau uku. Safe nono, rana nono, yamma nono, har Bafulatanar ta tambaya ko biki ake a gidanmu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni na fafe. Abin da na samu kawai shi ne cikina ya ɓaci, na yi jajibirin salla ina zarya bayan gida.

Ranar salla muka dawo daga idi, liman ya yanka, kowane gida ya ja ragonsa ƙofa. Ina sanye da rigar bara, don ban iya ɗinka sabuwa ba. Mutane sun taru a ƙofarmu fiye da kullum, rabi don ragon, rabi don ni. Baba ya yanka, ya tsaga fata, ya zura sanda, ya ɗaga ƙafar ya dube ni.

“Bismilla.”

Na durƙusa, na ja numfashi, na hura. Cinyar ragon ta ɗan motsa. Na sake ja, sai na ji iskar ta tsaya mini a rabin ƙirji, ta ƙi sauka. Na hura abin da na samu. A na uku tari ya sarƙe ni. Na saki ƙafar, iskar da na tara ta fice fuu, rago ya koma yadda yake. Wani daga baya ya ce, “Sannu, sanyi na.” Na kama wannan uzuri hannu biyu, na goge baki na sake kafa kai. Wannan karon idona ya yi duhu, kunnena ya ɗauki ƙara, na samu kaina zaune a ƙasa ina tari kamar tsohuwar akuya. Tarin kuma ya fito da warin da duk lawashin garka ba zai rufe ba.

Da Baba ya zage ni, ko ya ɗauke ni da mari, da na ji sauƙi. Amma bai yi ko ɗaya ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ɗora hularsa a kai, ya dafa ƙasa ya durƙusa a hankali, don gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Mutum mai shekara sittin ya kafa baki a ƙafar rago. Ina ganin jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana hurawa yana hutawa, yana hurawa yana hutawa. Maƙwabta biyu suka ce a ba su, ya girgiza kai. Ni aka bar wa bubbuga ciki, aikin da ake ba ƙananan yara. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna durƙuson nan nasa sai zuciyata ta yi nauyi.

Aka feɗe, aka buɗe ragon aka gicciya masa sanduna, aka jingina shi gefen babbar wuta tare da na maƙwabta, yadda muke yi ya wuni yana gasuwa. Ni kuwa na sulale zan shige ɗaki, sai muryar tsohuwa ta kamo ni daga gindin bedi.

“Maigida, zaka ka riƙa man.”

Na je na tsuguna gaban ƙwaryar kayan ciki. Ta ɗago huhun ragon da maƙogwaronsa a haɗe, ta miƙo mini bakin maƙogwaron ta ce in hura. Na ce tsohuwa ki bar ni da abin da ke damuna. Ta ce in hura dai, wannan ko ɗan yaye ya iya. Na hura kaɗan. Huhun ya buɗe, ya cika, ja mai haske, gwanin kyau. Na saki, ya kwanta.

“Wagga ita ta hanyar iska,” ta ce. Sannan ta lalubo wata hanyar mai laushi da ke manne a bayanta, ta bi ta da yatsa har tumbi. “Wagga ko ita ta hanyar tuwo. Ka gani? Maƙwabta na, amma ba su shiga gidan juna. To gaya man, wanne gida nononka ka zuwa?”

Na dubi hanya biyun nan, na sake duba. Shekara nawa ina ganin cikin rago, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Hayaƙi yana gabas, nono yana yamma, ni ina tsakiya ina biyan kuɗin mota biyu. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, ga hawaye ga dariya. Na ce, “Ashe kin sani.”

“Wa ab bai sani ba? Ubanka ya riga ni. Kana tsammani aljannu ka share busasshiyar ciyawa bayan rudu? Kullum da sahe shi ka zuwa shi tsince guntayen tabarka shi turbuɗe, kar wuta ta kama, kar uwarka ta gani.”

Dariyar ta tsaya. Wata da watanni ina laɓewa, ashe a wurin da mahaifina ya share mini nake laɓewa. Kunyar ɗan fari ta hana shi yi mini magana, sai ya koma bin bayana da tsintsiya.

Don in sauke nauyin da ya danne ni, na nuna ƴar battar da ke ƙulle a bakin zanenta. Ita ma tana cusa garin taba da kanwa a leɓe tun kafin a haifi Baba. Na ce, “To ke fa, tsohuwa?”

“Ni ba ragon da ka jirana baɗi,” ta ce, ta ci gaba da wanke hanji. Tabar kuwa ba ta bar ta ba har ta koma ga Allah. Haƙoranta sun riga ta tafiya, manjo ya yi faɗa har ya gaji, kuma ita da bakinta ta kan ce kada wanda ya yi koyi da ita.

Bayan salla na je wajen manjo, ina sunkuyar da kai na ba shi labarin nono. Na ɗauka zai yi dariya. Sai ya ce ba mu ne na farko ba, ya sha ji. Nono abinci ne mai kyau, in ci gaba da sha, amma ƙirji ba abin da ke gyara shi sai a daina zuba masa hayaƙi. Ya ce ina da ƙuruciya, in na bari yanzu numfashi zai dawo sannu a hankali. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa makonnin farko ba daɗi.

Bai yi ƙarya ba. Sabo turken wawa. Na koma tsotsar aduwa, aljihuna cike, ina tafe ina tofar da ƙwallo. Asuwaki bai bar bakina ba. Raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, har jakinmu na tsaya na yi wa faɗa mai tsawo a hanyar garka don ya dube ni. Sau biyu na koma wa taba. Na farkon a wajen wani biki, na biyun ba dalili, hannuna ne kawai ya karɓa. Da na ga fada za ta kayar da ni, da bazara na tafi wajen kawuna a ƙasar Keita, inda ake haƙa ramukan rabin wata a kan faƙo don tare ruwan sama a dasa itatuwa. Can na ga ta kaina. Matan da suka haife ni suna gama rami suna shiga wani, ni ina jingine da diga ina haki. Wata daga cikinsu ta ce in zauna in riƙe musu goyo. Wata biyu na yi, na dawo baƙi wuluk, amma ina hawa tudu ba tsayawa.

Ƴan fada kuwa, da na kawo musu labarin hanya biyu, musu ya tashi. Ranar kasuwa na ja su wajen mahauci ya nuna musu da wuƙarsa. Uku suka yarda. Ɗan Abijan ya ce rago daban, mutum daban. Ba mu iya raba kowa da taba ba, amma mun yi doka: ba a kunna taba a kan tabarma. Mai sha ya tashi ya koma bayan tsamiya, kuma in shayi ya zagayo ba ya nan, ya wuce shi. Za ka raina dokar, amma wanda ya san zaƙin shayi na biyu ya san ba ƙaramin horo ba ne. Daga baya manjo da liman suka zagaya wajen masu tebur, aka yarda ba za a ƙara sayar wa yaro karan taba ba, ko ya ce aiko shi aka yi. Wasu sun riƙe, wasu suna yi a ɓoye. Abokin nan nawa ɗan Abijan yana nan da ransa, muna zumunci, amma yau ko rabin buhu ba ya ɗagawa, kuma in ya fara tari sai an dakata da hira. Ina jin tausayinsa, don ba mugu ba ne, shi ma wani ne ya gaya masa.

Bafulatana ce ta fi kowa jin haushin shiriyarmu, don ciniki ya ja baya. Da na gaya mata dalilin da ya sa muke ta shan nononta, ta sauke ƙwarya ta riƙe haɓa. “Shekara talatin ina tatsa,” ta ce, “ban taɓa ganin nono ya wanke ko baƙin tukunya ba. Da kun tambaye ni.” Na ce da mun tambaye ki da kin faɗa? Ta yi murmushi ta ce in kawo kofina.

Da Layya ta sake matsowa na samo wata tsohuwar salka, na koma lunguna na bayan rudu. Inda na saba laɓewa in ja hayaƙi, nan na koma laɓewa ina hura salka safe da yamma. Tsohuwa ta ce wa Inna maigidanta ya auri salka, ta ji su suna hira. Baba kuwa shekara guda cur bai ɗaga maganar ba, ban kuma san ko ya san na bari ba.

Ranar salla da muka dawo daga idi, ina shiga zaure na ga wani abu jingine a bayan ƙofa, an rufa masa tsohon buhu. Na ɗaga. Famfon keke ne, na mai gyaran keke na bakin kasuwa, na san shi da jan ƙyallen da aka ɗaure masa. Da farko na ji zafi, na ce ashe Baba ya cire rai da ni. Da na tsaya na yi tunani sai na gane. Gwiwarsa ba za ta sake ɗaukar durƙuso ba, kuma ba ya so wani ɗan maƙwabta ya karɓi ƙafar ragonsa a gabana. Shi ya sa ya je da kansa ya aro, ya ɓoye inda yake ganin ba zan duba ba. Na mayar da buhun yadda yake.

Mutane sun taru har sun fi na bara, kuma na san abin da ya kawo su. Baba ya yanka. Ya tsaga fata, ya zura sanda. Ya ɗan tsaya, na ga idonsa ya je wajen zaure ya dawo. Sannan ya ɗaga ƙafar ya miƙo mini.

“Bismilla.”

Na durƙusa. Na ja numfashi, na ji ya sauka har ƙasa, inda ya daɗe bai kai ba. Na hura. Cinya ta tashi. Na sake, ciki ya ɗauka. Sai na ji ana bubbuga ragon da wani irin nauyin hannu da na sani, na saci kallo, ashe Baba ne da kansa ya sunkuya yana bugawa. Ban ƙara ɗaga kai ba sai da ƙafafu huɗu suka miƙe, fata ta yi tam, wuyan ragon ya cika. Na toshe wurin da babban yatsa na miƙe tsaye. Kaina na ɗan juyawa, amma ko tari ɗaya ban yi ba.

Daga gindin bedi tsohuwa ta ce, “To, a saki salka hakanan, uwargida ta gode.” Mutane suka fashe da dariya.

Baba ya karɓi ƙafar, ya gwada fatar da yatsa, ya ɗauki wuƙa. Bai dube ni ba. Ya juya wajen bangon zaure, ya yi gyaran murya, ya yi magana da ƙarfin da duk wanda ke ƙofar gidan zai ji.

“A gaya ma wancan shi maida ma mai keke abinai. Shi ce mai mun gode, na gida ya gyaru.”

Na shiga zaure na ɗauko famfon, na saɓa shi a kafaɗa. Akwai gajeriyar hanya ta bayan masallaci, amma ta tsakiyar gari na bi, ko bakina ban tsaya gogewa ba.